A-kori-kurar da Ta Zama Motar 'Yan Makaranta: Tarihin Blue Bird Mai Lamba 1

Gabatarwa

A garin Dearborn na jihar Mishigan, a ƙasar Amurka, akwai wani babban gidan adana kayan tarihi wanda ake kira da sunan Henry Ford. Daga cikin motocin da aka jera a zaurensa akwai wata 'yar ƙarama ta shekarar 1927, wadda gabanta gaban tsohuwar Ford ne, bayanta kuwa wani dogon akwati ne na katako da ƙarfe, babu gilashi a tagoginsa sai labulen tamfol da akan naɗe sama in ana zafi, a saki in ruwa ya sauko. Masu kula da gidan sun ce a duk motocin ɗaukar 'yan makaranta da suka rage a Amurka babu wadda ta girme ta. Sunanta Blue Bird mai lamba 1.

Wannan lacca za ta bi tarihin motar nan, watau irin a-kori-kurar da aka ɗora ta a kai, da mutumin da ya ƙera ta, da bukatar da ta sa aka ƙera ta. Sa'an nan za ta dubi wani al'amari da tarihin kamfanoni kan tsallake, watau su wa irin wannan mota ta ɗauka, su wa kuma ta wuce a bakin hanya.

Makarantar ɗaki guda da keken doki

Manoman Amurka ba su saba zama a dunƙule cikin gari ba. Kowane magidanci yakan gina gidansa ne a tsakiyar gonarsa, maƙwabcinsa yana can nesa. Saboda haka sai aka riƙa gina ƙananan makarantu barkatai, yadda yaro zai iya isa da ƙafa. Ɗaki guda ne, malama guda, yara kuwa tun daga mai shekara 6 har mai shekara 14 suna zaune tare, ana ba wannan rukuni karatu waɗancan suna jira. Wajen lokacin Yaƙin Duniya na Farko akwai irin waɗannan makarantu kimanin 200,000 a ƙasar.

Masana ilmi na zamanin ba su gamsu da wannan tsari ba. A ganinsu, in aka rufe ƙananan makarantu biyar ko shida aka haɗe su wuri guda, za a sami ajujuwa daban-daban, da malamai masu horo, har da sakandare wadda ɗan manomi bai taɓa sa ran shiga ba. Shawarar ba ta da aibi a takarda. Amma fa in makaranta ta yi nisa da gida, me zai kai yaro? Jihar Masacuset, wadda ta riga kowa kafa dokar tilasta karatu a 1852, ita ce ta fara halatta a kashe kuɗin jama'a wajen jigilar yara, a 1869. Sauran jihohi suka bi sannu a hankali, har ya zamana a 1919 dukkan jihohi 48 na lokacin suna da irin wannan doka.

Abin hawa na farko keken doki ne. Wani kamfani mai suna Wayne, a garin Richmond na jihar Indiyana, ya yi suna wajen ƙera shi tun ƙarshen ƙarni na 19: benci biyu a miƙe ta tsawon keken, yara suna fuskantar juna, ƙofa kuma a baya domin kada hayaniyar shiga da fita ta firgita dawaki. Sai dai dokin da ke jan kaya a hanyar ƙasa ba ya wuce mil 3 ko 4 a awa, don haka iyakar inda doki zai kai kafin a buga ƙararrawa, nan ce iyakar faɗin gundumar makaranta. A 1914 kamfanin Wayne ya ɗauki wannan akwati nasa, da bencinsa da ƙofarsa ta baya, ya ɗora a kan mota.

A-kori-kurar Ford

Motar da ta cika ƙauyukan Amurka a wancan zamani ita ce Ford Model T, wadda aka fara sayarwa a 1908. Da Ford ya shigo da tsarin harhaɗa mota a kan layi mai tafiya a 1913, sai farashi ya yi ta sauka, daga dala 850 har zuwa dala 260 a 1925. Kafin a daina yin ta a watan Mayu na 1927 an ƙera fiye da miliyan 15. Manoma ba su jira kamfani ya yi musu motar kaya ba, su da kansu suka riƙa yanke bayan Model T suna kafa mata akwati. Ganin haka, a 1917 Ford ya fito da ƙanwarta ta ɗaukar kaya, Model TT, mai ɗaukar tan guda. An ƙara mata tsawo da kimanin ƙafa biyu, an ƙarfafa ƙashin bayanta, watau abin da makanikai ke kira shasi, an kuma canza giyar ƙafafun baya yadda za ta ja nauyi. Injin kuwa shi ne dai na Model T, mai silinda 4 da ƙarfin doki 20.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan halin wannan mota, domin a kanta aka ɗora 'ya'yan mutane. Gudun da aka shawarci direba kada ya wuce shi ne wajen mil 15 a awa. Totur a hannu yake, a jikin sitiyari. A ƙasa akwai abin takawa uku: ɗaya na giyar gaba, ɗaya na komawa baya, ɗaya na birki, birkin nan kuma cikin akwatin giya yake kamawa, ƙafafun gaba ba su da birki ko kaɗan. Babu famfon da ke tura mai zuwa inji. Tanki yana sama da kafireto, man yana gangarowa da kansa, shi ya sa in tudu ya cika tsayi kuma mai ya yi ƙasa sai injin ya mutu, direba ya juya ya hau tudun da baya. Duk da haka manomi ya so ta, saboda duk abin da ya lalace a jikinta ana iya gyara shi a gindin itace, kayan gyaranta kuma ana samunsu a kowane ƙauye.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan tarihi shi ne yadda ake sayar da ita. A shekarun farko Ford ba ya yi wa Model TT bodi. Mai saye yakan biya dala 600 ya karɓi inji da shasi da ƙafafu, sa'an nan ya nemi kafinta ko maƙeri ya gina masa abin da yake so a kai. Sai a 1924 kamfanin ya fara sayar da ita da bodinsa na kansa, kuma ko a sa'an nan bodin kaya ne. Wanda ya san manyan motocin katako da suka daɗe suna jigilar gyaɗa da fasinja a hanyoyin Nijeriya, waɗanda akan kawo kai da shasi daga Turai kafintoci su yi bodin a gida, ya riga ya san wannan tsari. Haka motar makaranta ta fara a Amurka. Hukumar makaranta takan ba wani manomi kwangila, shi kuma ya kafa benci da rumfa a bayan a-kori-kurarsa, in hutu ya zo ya cire su ya koma ɗaukar amfanin gona.

Kunyar dillali

Albert L. Luce dillalin motocin Ford ne a garuruwan Fort Valley da Perry, a tsakiyar jihar Jojiya, ƙasar auduga da itatuwan marmari. A 1925 wani mai ciniki ya nemi ya samo masa motar da za ta riƙa kai ma'aikata wurin aiki. Luce ya sayo bodin katako daga wani kamfani, ya ɗora a kan shasin Ford, ya miƙa. Kafin mai motar ya gama biyan kuɗinta, bodin ya fara wargajewa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Hanyoyin ƙauyen Jojiya jar laka ce, da damina ta zama taɓo, da rani ta bushe ta bar ramuka da kunya-kunya. An yi shasin Ford ne yadda zai riƙa murɗawa yana bin hanya, wannan ma yana daga cikin abin da ya sa motar take jure wahala. Amma akwatin katako da aka haɗa da ƙusa ba ya murɗawa. Duk ramin da aka faɗa sai shasi ya karkata, akwati ya ƙi, ƙusa ta ɗan motsa a mazauninta. Yau da gobe sai mahaɗai su saki.

Luce ya ji kunyar abin da ya sayar, ya kuma ƙudurta cewa zai iya yin wanda ya fi shi. A 1927 ya sake gwadawa. Wannan karon sai da ya fara kafa ƙwarangwal na ƙarfe, ya ɗaure shi da shasi, sa'an nan ya lulluɓe da katako da fallayen ƙarfe, ya rataya tamfol a tagogi. Ƙarfen shi ke ɗaukar girgiza da murɗawa, katako kuwa ya zama sutura kawai. Wani mutumin Marshallville, wani ƙaramin gari da ke kusa, mai suna Frank Slade, ya sayi motar domin jigilar 'yan makaranta. Ita ce ke Dearborn yanzu. Abin lura, a shekarar da Ford ya rufe littafin Model T, a shekarar ce aka ɗora mata wannan sabon aiki.

Bai kamata a kambama abin da Luce ya yi fiye da kima ba. Ba shi ya ƙago motar makaranta ba, ba kuma shi ya fara yin bodin ƙarfe zalla ba, domin kamfanin Wayne ya riga shi a 1930, nasa bai fito ba sai a 1937. Abin da ya yi gyara ne irin na mai sana'a wanda ya ga inda kaya ke karyewa ya toshe wurin. Amma gyaran ya zo a kan gaɓa. Tun 1916 Jojiya ta kafa dokar tilasta karatu, a 1919 kuma ta fara ba gundumomin da suka haɗe ƙananan makarantunsu tallafin kuɗi, saboda haka masu neman mota suna ta ƙaruwa. Da tattalin arzikin Amurka ya karye daga 1929, cinikin sababbin motoci ya mutu murus a hannun dillalai, amma yara ba su daina zuwa makaranta ba. A 1932 Luce ya rabu da dillanci ya koma ƙera motocin makaranta ɗungum.

Sunan kamfanin ma yana da ɗan labari. Luce bai sa sunan gidansu ba, domin a lafazin Ingilishi sunan daidai yake da kalmar da ke nufin sako-sako, mutumin da motarsa ta farko ta wargaje kuwa ba zai so a riƙa yi masa wannan ba'a ba. An ce wata motar gwaji da ya shafa wa shuɗi da rawaya ce yara suka kamanta da wani shuɗin tsuntsu na ƙasarsu, daga nan sunan Blue Bird ya bi kamfanin.

Taron 1939

Har zuwa ƙarshen shekarun 1930 babu wata ƙa'ida guda game da motar makaranta. Wani malamin Kwalejin Horon Malamai ta Jami'ar Kolumbiya da ke Niyok, Frank W. Cyr, wanda shi kansa ɗan ƙauyen jihar Nebraska ne kuma fanninsa ilmin karkara, ya zaga jihohi ya ga abin da yara ke hawa: tsofaffin motocin kaya, da motocin da kowa ya shafa wa launin da ya ga dama, har da keken doki na ɗaukar alkama. Masu ƙera motoci su ma suna kuka, saboda kowace gunduma da irin awon da take so, ba dama a yi da yawa iri ɗaya farashi ya sauka.

A watan Afrilu na 1939 Cyr ya tara wakilan jihohi 48 da injiniyoyin kamfanonin motoci da na fenti, da tallafin kuɗi daga gidauniyar Rockefeller. Kamfanin Blue Bird yana cikin mahalarta. Suka yi mako guda suna tattaunawa, suka fito da ƙa'idoji 44 a kan tsawon bodi, da tsayin rufi, da faɗin hanyar tsakiya, da sauransu. Wadda duniya ta fi sani ita ce ta launi. An rataya samfurori a bango tun daga ruwan lemon tsami har zuwa mai ja-ja, aka zaɓi wata rawaya mai sirkin ruwan goro, domin ido yakan tsinkaye ta da wuri, baƙin rubutu kuma yakan fito sarai a kanta da asuba ko da almuru, lokacin da motar ke kan hanya. Ƙa'idojin shawara ce, ba doka ba, amma yawancin jihohi suka karɓa ba da daɗewa ba. Jihar Minesota ce ta yi ta jan ƙafa har 1974. Dokokin tarayya masu tsanani a kan ƙarfin bodi da tsarin kujeru sun fara aiki a 1977.

Watau cikin shekara 12 kacal, daga 1927 zuwa 1939, aka tashi daga akwatin katako mai labulen tamfol zuwa motar ƙarfe mai gilashi da launi guda. Abin da ya shafi ƙarfe da fenti bai ba mutanen ƙasar wuya ba.

Waɗanda aka bari a hanya

A Jojiyar da aka ƙera Blue Bird mai lamba 1, tsarin mulkin jiha na 1877 ya wajabta raba makarantun farar fata da na baƙar fata, Kotun Ƙoli ta Amurka kuma ta halatta irin wannan rabo a 1896, bisa sharaɗin wai a daidaita ɓangarorin biyu. Ba a daidaita ba. Kuɗin haɗe makarantu da na jigila yana hannun hukumomin gunduma, su kuwa farar fata ne zalla, saboda an toshe wa baƙar fata hanyar jefa ƙuri'a. Sai aka wayi gari 'ya'yan farar fata sun koma manyan makarantu na bulo ana kai su da mota, 'ya'yan baƙar fata kuwa suna nan a ɗaki guda, sau da yawa ma a cikin coci, suna tafiya da ƙafa. Ko makarantu kusan 5,000 da asusun Rosenwald ya taimaka aka gina musu a jihohin kudu kafin 1932, sai da iyaye suka haɗa nasu kuɗin da ƙarfinsu, bayan harajin da suke biya kamar kowa. A Fort Valley ɗin kanta, baƙar fata ne suka tashi tsaye aka kafa makarantarsu a 1895, wadda ta zama kwalejin jiha a 1939. Kafin zuwan mota, ɗan fari da ɗan baƙi duk da ƙafa suke zuwa makaranta, ko da yake makarantun ba ɗaya ba ne. Da mota ta zo sai tazarar ta ƙaru, ta kuma fito fili a kan hanya kowace safiya.

Inda maganar ta fashe shi ne gundumar Clarendon ta jihar Karolina ta Kudu, maƙwabciyar Jojiya. A shekarun 1940 gundumar tana da motoci wajen 30 na 'ya'yan farar fata, babu ko ɗaya ta baƙar fata, alhali kuwa su ne suka fi yawa a makarantu. Akwai yaran da ke tafiyar mil 9 zuwa, mil 9 dawowa. Iyaye suka yi karo-karo suka sayi wata tsohuwar mota, suka roƙi hukuma ta taimaka da mai da gyara, aka ƙi. Wani limamin coci kuma malamin makaranta, Joseph A. DeLaine, ya shawo kan wani manomi mai suna Levi Pearson ya kai ƙara a 1948. Mota kaɗai ya nema. Kotu ta kori ƙarar da hujjar cewa gonarsa tana kan iyaka, harajinsa wata gundumar makaranta yake shiga. Bayan haka 'yan kasuwa suka daina ba shi bashin kayan noma.

Korar ƙarar nan ta jawo abin da ya fi mota girma. A 1949 iyaye suka sa hannu a wata takardar koke wadda ta nemi daidaito a komai, sunan Harry Briggs, ma'aikacin gidan mai, shi ne a sama. Aka kore shi daga aiki. DeLaine ma aka kore shi daga koyarwa, gidansa ya ƙone, daga baya ya bar jihar don tsira da ransa. Lauyansu, Thurgood Marshall, ya mai da ƙarar ta zama ƙalubale ga rabon makarantu ɗungum. Ita ce aka haɗa da wasu ƙararraki huɗu a shari'ar da aka sani da sunan Brown, wadda a ranar 17 ga Mayu, 1954, Kotun Ƙoli ta yanke cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki.

Motar ba ta fita daga rigimar ba. Shekara da shekaru an yi amfani da ita wajen wuce da yaro makarantar da ke kusa da gidansu zuwa wadda aka ware wa launinsa. A 1971 Kotun Ƙoli ta yarda a yi amfani da ita wajen cakuɗa yaran unguwanni, sai ga waɗanda ba su taɓa ƙorafin nisan tafiya ba sun fara ƙorafi. A birnin Boston, can arewa, a jihar da ta fara halatta jigilar yara, an jefi motocin da duwatsu a 1974.

Inda take yanzu

Makarantun gwamnati masu ɗaki guda da suka rage a Amurka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Motocin rawaya kusan rabin miliyan ne ke ɗaukar yara fiye da miliyan 20 a kowace ranar karatu, kamfanin Blue Bird kuma yana nan a Fort Valley, har ya shiga ƙera masu aiki da lantarki. A 2008 aka miƙa motar farko ga gidan tarihi na Henry Ford.

A ƙarƙashin rufin nan guda akwai wata motar fasinja ta birnin Montgomery na jihar Alabama, wadda gidan ya saya a 2001. A cikinta ne Rosa Parks ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a ranar 1 ga Disamba, 1955. An haife ta a 1913, ta tashi a ƙauyen Pine Level, kuma a tarihin rayuwarta ta ba da labarin yadda ita da 'yan'uwanta suke tafiya makaranta da ƙafa, motar 'ya'yan farar fata tana wuce su a hanya.